Baƙuwar Nomau

Da rana ta yi ja, sai Bargo ya fara rufewa. Ba ya ƙara, ba ya gaggawa. Wasu manyan faifayen baƙin gilashi ne suke zamowa daga gabas da yamma a kan ginshiƙan ƙarfe, su haɗu can sama da kan itatuwa, su danne hasken birni kamar an kifa kwano. Da zarar sun haɗu, Kurmin Ɗorawa ya zama wuri guda tak a duk Tudun Annuri da ake samun duhu.

Sauran garin ba ya ganin dare. Tun zamanin kakanni aka rataya madubai a sararin samaniya, suna juyo hasken rana su zuba wa birni bayan ita ranar ta faɗi. Masana'antu ba sa tsayawa, kasuwa ba ta tashi, ladan da agogo yake kiran magariba. An ji daɗi, an yi ta alfahari. Sai tsuntsaye suka ruɗe, suka yi ta raguwa har suka ƙare. Ƙudan zuma ya bi bayansu. Ba wanda ya damu ƙwarai, sai da ɗorawa ta daina 'ya'ya. A nan aka gane cewa mutumin Tudun Annuri zai haƙura da komai, ban da daddawa a miya. An haɗa daddawar sinadari a masana'anta, mata suka ɗanɗana suka tofar.

Abin da ke sa ɗorawa ta haihu wani ɗan jemage ne da ake kira tsotsau. In ka cire fukafukai bai fi babban yatsan mutum ba. Bakinsa dogo, harshensa ya fi bakin tsawo. Ba ya cin sauro, ba ya cin 'ya'yan itace, ruwan zaƙin fure kaɗai yake sha. Furen ɗorawa kuwa da duhu yake buɗewa, ja wur, yana lilo kamar tuntun hula. Tsotsau ya maƙale a jikinsa ya zura harshe, garin furen ya baɗe masa ƙirji, ya tashi ya kai wa wata bishiyar. Barbarar ke nan. Da sanyi yana bin rimi, da bazara ɗorawa, da faɗuwar ruwan farko kuka. A da ko'ina akwai shi, ba wanda ya taɓa ce masa sannu da aiki. Yanzu waɗanda suka rage, iyakar sanin masu bincike, su ne na kogon wata tsohuwar kuka a tsakiyar Kurmi, kuma in ka tattara su duka ba za su cika ƙwarya ba.

'Yan tsirarun nan ba za su iya da dubban itatuwa ba, sai injiniyoyi suka ƙera mabiya. Mabiyi jemagen ƙarfe ne mai batir, da ɗan buroshi a ƙirji, da ido mai gani a duhu. Yana ɗaukar garin fure fiye da mai rai. Abu ɗaya ya gagari masu ƙirar, shi ne hanci. Furen da ya nuna da wanda bai nuna ba duk ɗaya ne a wurin mabiyi, kuma fure in aka murje shi kafin lokacinsa ya lalace. Sai aka yi dabara, aka ce su riƙa bin masu rai. Duk bishiyar da tsotsau ya sauka, nan za su yi dafifi su ƙarasa aikin. Daga nan suka samu suna.

Nomau ne mai gadin Kurmi. Dokar wurin mutum ɗaya ke kwana, ba fitila, ba rediyo, ba hura wuta bayan Bargo ya rufe. An daɗe ana cigiyar mai yin aikin ba a samu ba, don waɗanda aka haifa cikin haske suna tsoron duhu kamar bakin rijiya. Nomau ya karɓa a shekarar da matarsa Tabawa ta rasu. Allah bai ba su haihuwa ba. Ya ce a gida ma ba mai yi masa magana, gara ya koma inda shirun aiki ne.

Tabawa tana da wata al'ada da ta gada wurin kakarta. Kullum akwai kasko da ruwa a ƙofar ɗakinta, sadaka ga tsuntsaye. Har tsuntsayen suka ƙare ba ta daina ba. Da Nomau zai tare a Kurmi, kaskon nan ne farkon abin da ya ɗauka. Kowace yamma ya cika shi, ya ce Allah ya kai mata ladan. Shekaru suna wucewa, ba abin da ke shan ruwan sai iska.

Bara waccan, rimi ya gama fure da wuri, ɗorawa kuma ta makara. Wata magariba ya fito alwala ya ji wani abu na motsi a bakin kaskon. Ya laluba, ya ji tsotsau ce, mace, kunnenta ɗaya a yage, da ɗan jariri maƙale a cikinta. Ta lashi ruwan ta bari, don ba shi take nema ba. Nomau yana azumin Litinin da Alhamis, ba ya rabuwa da jiƙaƙƙen dabino. Ya tsiyaya ruwan dabinon a kasko. Ya ji harshenta na aiki, caf-caf-caf, har cikinta ya ɗago.

Kashegari ta dawo. Bayan kwanaki ta zo da wasu. Kafin ɗorawa ta buɗe, duk mutanen kogon kuka sun san hanyar ƙofarsa. Da ɗorawar ta buɗe bai janye kaskon ba. Yaya za a yi baƙo ya saba zuwa ƙofarka, rana ɗaya ka ce masa yau ya tafi daji ya nema? Ba a yi masa irin wannan tarbiyya ba. Ga shi kuma sadakar Tabawa sai yanzu ta samu mai karɓa.

Ya sa wa mai yagaggen kunnen suna Baƙuwa. Ita ce ba ta tsoronsa. In ta ƙoshi sai ta rataye a bakin hannun rigarsa, ya ji ɗumin jikinta da bugun zuciyarta mai sauri. Yana yi mata hira ƙasa-ƙasa: ciwon gwiwarsa, mafarkin da ya yi, yadda Tabawa ke cika barkono a miya. A duk Tudun Annuri, mai mutane kamar ƙasa, ita kaɗai ce mai rai da ke tasowa takanas ta zo wurinsa.

Wata hantsi a tsakiyar bazarar bana, Lantana ta zo. Ƙanwar Tabawa ce, mai sana'ar daddawa, kuma tana da itatuwan gado a cikin Kurmi, waɗanda hukuma ba ta iya ƙwacewa ba. Tun daga nesa ta fara.

"Mijin yaya, kana raye, ko aljanun kuka sun gama da kai?"

"Sun ce da ke za su fara, ke ce mai tsoka."

"Tsokar da ka kasa aura? Na zauna ina jiranka, ka tafi ka auri duhu."

"Duhu ba ya surutu."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta sunkuya ta ɗebo busassun furanni cike da hannu ta miƙa masa.

"Duba ƙasa, Nomau. Fure na zubewa kamar an yi aski. Na zagaya itatuwana duka, ko ɗan kwanso ban gani ba. Bara da aka samu rabi na ce shekara ce. Bana fa?"

"Ni mai gadi ne, ba ungozoma ba."

"To ka tambayi ƙarafunan nan naku. Tukwanena a kife suke, mata na zuwa ƙofa ina ba su haƙuri." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ma ka bushe kamar kuɓewa. Ka zo ranar Juma'a ka ci tuwo."

"Zan duba."

"Tun rasuwar Yaya kake dubawa."

Bayan kwana kaɗan Hukumar Abinci ta turo Injiniya Barira, wata matashiya mai ƙaramin jiki, wadda ita ke kula da mabiya. Ta gaishe shi har ƙasa. Ta ce mabiya suna fita suna dawowa da batir a ƙare, amma buroshinsu fes, ba ko ɗigon gari. Ta kwance ɗaya ta duba, lafiyarsa lau. Tana so ta zauna har Bargo ya rufe ta gani da idonta.

"Ba kya tsoron duhu?"

"Ina tsoro, Baba. Amma na zo da tabarau mai gani a duhu."

Ya shimfiɗa mata tabarma. Duhu ya sauka. Nomau ya ɗauko kwanon dabino ya tsiyaya a kasko yadda ya saba, bai ga abin ɓoyewa a ciki ba. Nan da nan iska ta cika da fiffikar ƙananan fukafukai. Baƙuwa ta sha, ta zo ta rataye a hannun rigarsa. Barira ta cire tabarau ɗin ta laluba hannunsa ta sa masa.

"Baba, ɗaga kanka."

Bai taɓa sa irin tabarau ɗin nan ba. Duniya ta koma kore. A saman ɗakinsa mabiya ne, dubbai a kan dubbai, suna juyawa kamar guguwa. Wasu na goga ƙirji a rufin kwano, wasu a tankin ruwa, wasu a igiyar shanya, wani ma yana ta murzar butarsa. Can baya itatuwan ɗorawa na tsaye, furanni sun buɗe suna ɗigar da zaƙi, ba kowa a kansu. Shi kullum yana jin wannan hucin iska a kansa, ya ɗauka haka aikinsu yake.

"Tun yaushe kake ba su?" in ji ta.

"Bara waccan. Yunwa ce ta kawo wannan ta hannuna. Sadaka ce."

"Na sani, Baba. Da ba ka ba ta ba a lokacin, wataƙila da ta mutu. Amma yanzu duk waɗanda aka haifa daga baya ba su taɓa sa harshe a fure ba. Kasko suka sani. Tsofaffin da suka san fure sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Ina jin wannan ta hannunka ce kaɗai ta rage."

Nomau ya cire tabarau ɗin ya miƙa mata. Ta ci gaba.

"Akwai kuma abin da ban gaya maka ba. Hukuma ta gaji da Bargo. Sun ce in bana ba 'ya'ya, za a buɗe shi gaba ɗaya, a sare Kurmi a yi benaye. Tsotsau kuma a kai su taskar sanyi."

"A daskarar da su kamar kifi?"

"Ƙwayoyin halittarsu za a ajiye."

"Su ɗin fa?"

Ta kau da kai. Ya sake tambaya.

"Fure saura nawa?"

"Bai fi 'yan makonni ba."

Kashegari da yamma Nomau ya wanke kaskon ya kife shi a ƙarƙashin gado. Duhu ya yi, suka zo. Suka zagaya inda kaskon yake, suka sauka a ƙasa, abin da jemage ba ya so. Suka hau rigarsa, suna lasar yatsunsa, suna lasar gemunsa. Ya kakkaɓe su a hankali ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Yana zaune a bakin gado yana jin ƙananan farata na karce ƙyaure. Bai yi barci ba. Da asuba ya buɗe ya tarar da ƙanana biyu a dokin ƙofa, sun sandare.

Haka aka yi ta yi. Furanni na can suna zubewa, su kuma suna nan suna jiran mutumin da ya saba ba su. Barira ta dawo, idonta ya yi ja don rashin barci.

"Baba, ba kaskon suke bi ba yanzu. Kai suke bi. Ƙamshinka suke ji. Muddin kana nan ba za su tafi ba."

"To in tafi ke nan."

"Na nemi wata hanyar, ban samu ba. Za a sa na'ura ta yi gadi."

"Ba sai kin yi ta bayani ba, 'yar nan. Na ji."

Ta ce saura abu ɗaya. Tunda Baƙuwa ce kaɗai ta san fure, ofishinsu ya yanke shawarar a maƙala mata wata 'yar alama mai aika sigina, a saita mabiya duka su bi ta ita kaɗai, kada su ɓata lokaci a bayan ƙananan da ba su san komai ba. Baƙuwa ba ta yarda da hannun kowa sai nasa. Shi ya riƙe ta a tafinsa, Barira ta manna alamar a bayan wuyanta, ba ta fi ƙwayar gero ba. Da aka gama ya kai ta gindin wata ɗorawa ya rataye ta a jikin fure da hannunsa. Bai yi mata sallama ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita.

An ba shi ɗaki a can ƙololuwar wani benen tsofaffin ma'aikata da ke kallon Kurmi. Ɗakin na da komai. Bango yana magana in ka tambaye shi, abinci na fitowa ta wata 'yar taga, ƙofa na buɗe kanta. Maƙwabtansa bai san fuskarsu ba, don kowa da lokacin barcinsa. Labule ya kai uku ya rataya, haske na ratsowa. Yakan kwanta ya ɗaure ido da rawani, ya yi ta juyi. In lokacin magariba ya yi sai ya tsaya a taga ya ga Bargo na rufewa daga waje, baƙi ƙirin a tsakiyar farin gari.

Ran nan bango ya ce masa Injiniya Barira na kira.

"Baba, ta koma fure. Daren jiya ta bi itatuwa da yawa, mabiya na bayanta. Ƙananan ma sun fara kwaikwayonta. Wasu sun mutu, amma da yawa sun kama."

"Alhamdu lillahi."

"Ka ji daɗi?"

"Na ce alhamdu lillahi."

Da ta kashe ya daɗe zaune yana kallon hannun rigarsa.

Ranar wata Alhamis yana azumi. Zafi ya yi yawa, ya buɗe taga, ya ajiye kofin jiƙaƙƙen dabino a bakinta yana jiran kiran salla. Iska na kaɗawa daga bayansa zuwa Kurmi. Yana kallo faifayen Bargo suka taso daga gabas da yamma, suka matso, saura ɗan tsaga. Sai suka tsaya. An yi su ne su tsaya in wani abu na gilmawa a tsakani. Daga tsagar nan wani baƙin abu ya fara fitowa kamar hayaƙi, yana kauri, yana miƙowa sama, yana lanƙwasowa wajen benen.

Kafin ya gane, wani ɗan abu ya faɗo a bakin tagar, kusa da kofin. Kunne ɗaya a yage.

Sai haske ya ɗauke. Mabiya sun cika sararin unguwar, sun shiga tsakanin madubai da ƙasa. A karon farko tun kafin a haifi mafi yawan mutanen wurin, dare ya yi a kan titi. Motoci masu tuƙa kansu suka tsaya cak. Yara suka fara kuka. A wani bene da ke fuskantar nasa, wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta miƙa hannu waje, kamar mai son ta taɓa abin.

Baƙuwa tana kwance a kan cikinta, fukafukai a baje, tana haki. Hasken da ta ratso ya ƙone mata ido, ruwa na fita daga ciki. Tana jan jiki wajen kofin da hanci.

Bango ya yi magana da muryar Barira, tana haki ita ma, da alama gudu take.

"Baba, tana wurinka?"

"Tana nan."

"Kada ka ba ta komai. In ta sha, gobe ma za ta fito, kuma ƙananan za su biyo ta. Ba za su kai rabin hanya ba."

"Ta gaji ƙwarai."

"Na sani. Ka kawo ta ƙofar Kurmi, ina zuwa. Don Allah, Baba."

Aka kira salla. Nomau ya dubi kofin. Harshenta ya riga ya fito, siriri, yana neman bakin kofin. Tun da yake bai taɓa janye abinci daga gaban mai jin yunwa ba. Ya ɗauke kofin ya juye shi a magudanar wanka. Shi ma bai kurɓa ba. Ya cire hularsa ya sa ta a ciki, ya rungume a ƙirji ya sauka.

Ya bi titi da ƙafa, duhun na tafiya tare da shi, don inda alamar take nan mabiya suke. Mutane na matsawa gefe suna ba shi hanya, ba wanda ya san ko wane ne shi. Bai yi nisa ba ya fara jin abu na faɗowa, ƙwas, ƙwas, a kan kwalta da rufin motoci. Idon mabiyi don duhu aka yi shi. Waɗanda ke sama su ke shan hasken madubai, idonsu ya ƙone, su yi karo da juna su faɗo, na ƙasa da su su shiga layi. Yana tafiya duhun na yin shara-shara.

A ƙofar Kurmi ya ɗora tafinsa a inda ya saba ɗorawa shekara da shekaru.

"Ba a san ka ba," in ji ƙofar.

Ya sake ɗorawa.

"Ba a san ka ba."

Ya zauna a gindin katanga, ya buɗe rigarsa ya lulluɓe hular. Ya fara yi mata hira. Ya gaya mata ɗakin da aka ba shi ba shi da daɗi, abincin ba gishiri, bangon kuma ya cika amsa abin da ba a tambaye shi ba. Yana jin bugun zuciyarta a tafinsa, da sauri, da sauri, sai ya fara tsallake, sai ya neme shi ya rasa.

Da Barira ta iso ta tarar da shi a haka. Ta durƙusa a gabansa. Ya buɗe hular ya nuna mata.

"Injiniya, in tambaye ki. Da na bari ta sha, da ta kai?"



"Ban sani ba, Baba."

"To. Gara da ba ki yi mini ƙarya ba."

Akwai wata 'yar ƙasa a gindin katangar da kwalta ba ta rufe ba. Ya tona da yatsu. Ya tambaye ta ko za ta cire alamarsu, ta ce ya bari, ba ta da sauran amfani, ba mabiyin da ya rage da ido. Ya sa Baƙuwa a ramin ya mayar da ƙasa. Makafin ƙarafunan da ke sama ba su san mutuwa ba, sigina suka sani. Suka yi ta saukowa suna jeruwa a kewayen wurin, a kan katanga, a kan titi, a kan junansu, fukafukai a buɗe, suna jiran ta tashi su bi. Suna nan a haka har batir ɗinsu ya ƙare. Da safe motocin shara suka kwashe su.

Hukuma ba ta buɗe Bargo ba. Ba tausayi ba ne. Sabbin mabiya sai an shekara da shekaru ana ƙira, kuma in an ƙera su ma sai sun samu wanda za su bi. Abin da birni ya mallaka yanzu shi ne 'yan ƙananan tsotsau ɗin nan da suka koyi fure a makonnin ƙarshe. Su kaɗai suka yi abin da suka iya. Itatuwan da ke kusa da tsohuwar kuka suka yi 'ya'ya, sauran suka tashi a banza. Kalwar da aka samu a bana, duk garin, mota guda ta ɗauke ta.

Barira ta kira shi bayan an sauke ɗorawa. Ta ce ƙananan sun koma kan furen kuka da kansu, ba wanda ya nuna musu, kuma an ga mata da ciki a cikinsu. Ta ce manya na ta zama a kan ko za a kashe madubi ɗaya daga cikin na sama, a bar wa gefen Kurmi dare na gaske, don kogon kuka zai yi musu kaɗan in sun yawaita. Masu masana'antu sun ƙi, mata masu daddawa sun cika ƙofar hukuma. Ba a gama ba.

"Kakanninku sun sha wahala kafin su kori dare," in ji Nomau. "Yanzu ku sha wahalar roƙonsa ya dawo."

"Haka ne, Baba. Na nemi a bar ka ka shiga ko sau ɗaya, da rana. Sun ce a'a. Ni ma da na sake tunani, na ga a'a ɗin ce daidai. Akwai waɗanda suka san ka a cikinsu."

"Ban ce ki nema ba."

"Na sani."

Ta kashe. Rana ta fara ja a bayan madubai, can ƙasa faifayen Bargo suka fara motsi. Nomau ya tashi ya rufe taga tun kafin su haɗu, ya murɗa makullinta. Sannan ya ɗauko tsumma ya bi gefen tagar yana cusawa a kowace kafa, a hankali, da ɗan yatsa, kada ƙamshinsa ya fita.